Karrama Mawallafin Kiɗa Bayan Mutuwarsa: Nazarin Taron Kiɗan Ɗaki na Zauren Pierre Boulez a Barlin

1.0 Gabatarwa

A ranar 4 ga watan Maris na shekarar 2017 aka buɗe wani sabon zauren kiɗa a birnin Barlin na ƙasar Jamus, aka kuma raɗa masa sunan Pierre Boulez, mawallafin kiɗan nan na ƙasar Faransa wanda ya mutu wata 14 kafin wannan rana. Taron kiɗan da aka yi don buɗe zauren ya zama taron karrama marigayin, gama da aikinsa aka fara, da aikinsa kuma aka rufe. Wannan taro shi ne za mu duba a cikin wannan takarda.

Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa wata matsala ce da ta fuskanci waɗanda suka shirya shi. Boulez mutum ne da ya yi suna wajen ƙin yabon matattu don kawai sun mutu, ya kuma sha sukar masu mai da fagen kiɗa tamkar gidan ajiye kayan tarihi. To, ta yaya za a karrama irin wannan mutum ba tare da an saɓa wa abin da ya tsaya a kai ba? A ganinmu masu shirya taron sun sami mafita ta hanyar bin tsarin da shi kansa ya shimfiɗa na yadda ake jera ayyuka a taron kiɗa, ko da yake ba su bi shi har ƙarshe ba. Za mu fara da bayanin wasu kalmomi, sa'an nan mu duba mutumin, da zauren, da ayyukan da aka kaɗa, daga bisani mu auna inda taron ya dace da inda ya gaza.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

A al'adar da muka saba da ita, makaɗi shi ke ƙaga waƙarsa, shi ke rera ta, shi ne kuma shugaban yaransa masu kiɗa da amshi. A al'adar rubutaccen kiɗa ta Turai an raba waɗannan ayyuka. Akwai mawallafi, watau wanda yake rubuta kiɗan a takarda da alamomin da ke nuna kowane sauti, da tsawonsa, da ƙarfinsa. Akwai makaɗa masu karanta rubutun su kaɗa ko su busa. Idan makaɗan suna da yawa, ko kiɗan yana da sarƙaƙiya, akan sami jagora mai tsayawa a gabansu yana daidaita su da hannu. Wannan rabo yana da muhimmanci ga batunmu, domin shi ya sa mutuwar mawallafi ba ta zama mutuwar kiɗansa kai tsaye. Takarda tana nan. Amma fa takardar ba ta sauti, sai an sami masu iya kaɗa ta, da wurin kaɗawa, da masu saurare.

Abin da muke nufi da kiɗan ɗaki kuwa shi ne kiɗan ƙaramar ƙungiya, inda kowane makaɗi yake riƙe da nasa layin sautin shi kaɗai, ba kamar babbar ƙungiya ba wadda takan tara makaɗa 80 ko fiye, masu goge da yawa suna bin layi guda. An samo sunan ne daga ɗakunan fadoji da gidajen masu hali na Turai inda aka fara yin irinsa. A ƙarni na 18 da na 19 ƙungiyoyinsa suna da siffofi sanannu, alal misali masu goge huɗu, ko fiyano da goge biyu. A ƙarni na 20, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai mawallafa suka shiga haɗa kayan kiɗa yadda suka ga dama, kowane aiki da irin tasa ƙungiyar. Wannan shi ake kira kiɗan ɗaki na zamani.

3.0 Boulez da Batun Tunawa da Matattu

An haifi Boulez a garin Montbrison a ranar 26 ga Maris 1925, ya kuma mutu a Baden-Baden ta Jamus a ranar 5 ga Janairu 2016. Ya yi karatu a Faris a hannun Olivier Messiaen. Aikin da ya fito da shi duniya shi ne Le Marteau sans maître, na murya ɗaya da makaɗa 6, wanda aka fara kaɗawa a 1955. Baya ga wallafa kiɗa, ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin makaɗa na zamaninsa, ya shugabanci babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Niyok daga 1971 zuwa 1977. Shi ya kafa ƙungiyar Ensemble intercontemporain a 1976, da cibiyar binciken kiɗa da sauti ta IRCAM wadda aka buɗe a Faris a 1977.

Don a fahimci matsalar da muka ambata, dole mu koma shekarar 1951, lokacin da Arnold Schoenberg ya mutu. Kiɗan Turai ya raba tsanin sauti gida 12, kuma bisa al'ada akwai sauti guda da ke zaman uban gida, wanda kiɗa yake tashi daga gare shi ya kuma koma gare shi. Schoenberg ne ya fito da hanyar jera dukan sautukan 12 a layi ɗaya ba tare da an fifita wani a kan wani ba, hanyar da Boulez ya gina aikinsa a kai. Ke nan kowa zai zaci almajiri zai yi wa malamin malamai marsiyya. Maimakon haka, a 1952 Boulez ya buga wata maƙala wadda takenta kawai ke cewa Schoenberg ya mutu. A ciki ya zargi marigayin da cewa ya gano sabuwar hanya amma ya zuba ta cikin tsofaffin siffofin ƙarnin da suka shuɗe, ya kuma nuna cewa Anton Webern, almajirin Schoenberg, shi ya fi fahimtar inda hanyar ta dosa. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Abin da ke bayan maganar kuwa shi ne, a wurin Boulez gadon fasaha sai an tace shi, a ɗauki abin da ke da rai a ci gaba da shi, a bar sauran.

Duk da haka, bai kamata a ɗauka cewa Boulez bai taɓa rubuta kiɗan tunawa ba. Da Igor Stravinsky ya mutu a 1971, mujallar kiɗa ta Tempo da ke Landan ta roƙi mawallafa da dama su aiko da gajerun ayyuka don tunawa da shi. Boulez ya aika da ɗan taƙaitaccen tsari da bayanin yadda za a iya faɗaɗa shi, kuma daga wannan iri ne aikinsa ...explosante-fixe... ya tsiro, ya yi ta girma har zuwa 1993. Haka kuma ya rubuta Rituel don tunawa da abokinsa Bruno Maderna, aka fara kaɗa shi a Landan a 1975, sa'an nan Mémoriale a 1985 don tunawa da Lawrence Beauregard, mai busa sarewa a ƙungiyarsa. A dukan waɗannan, tunawa ta zama mafarin sabon aiki. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna taron karrama shi da shi.

Har wa yau akwai wani abin da ya sa batun ya wuce na ladabi kawai. Ayyukan Boulez suna da wuyar kaɗawa ƙwarai, suna bukatar gwaji mai tsawo, kuma shekaru da yawa shi ne babban jagoransu. Daɗin daɗawa, yana da ɗabi'ar komawa kan aikinsa yana gyara da faɗaɗawa, har ya mutu ya bar wasu ba a kammala ba. Alal misali, cikin gajerun ayyukan fiyano 12 da ya rubuta a 1945 da sunan Notations, guda 5 kaɗai ya gama mayarwa na babbar ƙungiya. Saboda haka tambayar da ta taso bayan mutuwarsa ita ce ko kiɗansa zai rayu a hannun wasu, ko kuwa zai bi mai shi.

4.0 Zauren da Masu Shirya Taron

Wanda ya jagoranci taron shi ne Daniel Barenboim, makaɗin fiyano kuma jagoran makaɗa, wanda ya fara aiki tare da Boulez a Barlin tun 1964. A 1999 Barenboim da Edward Said, masanin adabin nan Bafalasɗine, suka kafa ƙungiyar West-Eastern Divan wadda ta haɗa matasan makaɗa Larabawa da na Isra'ila. Daga wannan ƙungiya ne aka sami makarantar kiɗa ta Barenboim-Said a Barlin, kuma zauren da muke magana a kai ɓangare ne nata. An gina shi a cikin wani tsohon gini na shekarun 1950 wanda a da gidan opera na gwamnati, watau gidan wasan kwaikwayo na waƙa, yake ajiye kayan adon dandamalinsa a ciki.

Frank Gehry ne ya zana zauren, bai kuma karɓi ladan aikinsa ba, shi kuwa Yasuhisa Toyota na ƙasar Japan ya lura da yadda sauti zai gudana a ciki. Zauren yana ɗaukar mutum 682. Siffarsa kamar ƙwai take, makaɗa a tsakiya, masu saurare sun kewaye su ta kowace fuska, a ƙasa da kuma a bene. Ana iya sauya tsarin kujeru da wurin makaɗa gwargwadon bukatar kowane aiki.

Wannan siffa ba ado ba ce kurum, tana da asali a tunanin Boulez. Ya daɗe yana kukan cewa zaurukan da aka gada daga ƙarni na 19, inda makaɗa suke can gaba a kan dandamali jama'a kuma suna jere kamar 'yan makaranta, ba su dace da sabon kiɗa ba, yana neman a gina zauren da za a riƙa sauya wa fasali. A 1973 ma, a Niyok, ya sa aka kwashe kujeru aka shimfiɗa dardumai da matasai, aka kawo makaɗa kusa da jama'a. Ke nan tun kafin a busa sauti ɗaya, ginin kansa ya riga ya cika wani buri na marigayin.

5.0 Ayyukan da Aka Kaɗa

Ayyuka 6 aka kaɗa a taron. An buɗe da Initiale na Boulez, an rufe da sur Incises nasa. A tsakani aka saka wata waƙa ta Franz Schubert, da aikin Mozart na fiyano da goge uku, da Kammerkonzert na Alban Berg, da Fantasie na Jörg Widmann. Mai kallo daga nesa zai iya cewa haɗin gambiza ne. Amma idan muka koma shekarar 1954, za mu ga inda aka samo tsarin.

A wannan shekara Boulez ya fara shirya jerin tarurrukan kiɗa a Faris waɗanda daga baya aka san su da Domaine musical, ya kuma shugabance su har 1967. Ya gina su a kan hawa uku. Hawa na farko shi ne tsofaffin ayyukan da ke da abin koya wa mawallafin yau. Na biyu shi ne manyan ayyukan farkon ƙarni na 20 waɗanda jama'a ba su sani sosai ba. Na uku kuwa shi ne sababbin ayyukan matasa. A taron farko, alal misali, an haɗa Bach da Webern da Stravinsky, tare da Luigi Nono da Karlheinz Stockhausen waɗanda a lokacin samari ne. Hikimar ita ce tsoho ya haskaka sabo, sabo kuma ya sa a saurari tsoho da sabon kunne. Bari mu bi ayyukan taron Barlin a kan wannan ma'auni.

5.1 Hawa na Farko

Mozart ya rubuta aikinsa a 1786, kuma shi ne ya wakilci kiɗan ɗaki a siffarsa ta asali, makaɗa huɗu suna miƙa wa juna zance ba tare da jagora ba. Waƙar Schubert kuwa, mai suna Der Hirt auf dem Felsen, ta murya ce da fiyano da kilarinet, wani abin busa na katako. Ya rubuta ta a watan Oktoba na 1828, ya mutu a watan Nuwamba, bai rayu ya ji an rera ta ba. Ya yi ta ne domin Anna Milder, mawaƙiyar da ke aiki a gidan opera na Barlin a wancan zamani. Ke nan waƙar tana da dangantaka da garin, tana kuma tuna wa mai saurare cewa kiɗa yakan fara rayuwarsa bayan mai shi ya kau. Anna Prohaska ce ta rera, Widmann ya busa, Barenboim ya kaɗa fiyano.

5.2 Hawa na Biyu

Aikin Berg shi ne ginshiƙin tsakiya. An rubuta shi tsakanin 1923 da 1925, na fiyano ne da goge da masu busa 13, kuma Berg ya yi shi ne don taya malaminsa Schoenberg murnar cika shekara 50. Jamusawa suna kiran sautuka da haruffa, saboda haka ana iya tsamo haruffan da ke cikin sunan mutum a mai da su kiɗa, kusan kamar yadda marubuta waƙoƙinmu sukan ɓoye shekarar wallafa a cikin ramzi. A farkon aikin Berg ya saƙa sunaye uku ta wannan hanya: fiyano ya kaɗa sunan Schoenberg, goge ya kaɗa na Webern, ƙaho ya busa nasa. Don haka aikin shi kansa karramawa ne, ta almajiri ga malami da aboki. Bugu da ƙari, Boulez da Barenboim sun taɓa ɗaukar wannan aiki a faifai tare, ɗaya yana jagora ɗaya yana fiyano. A taron 2017 Barenboim ya koma matsayin jagora, ɗansa Michael Barenboim ya riƙe goge, Karim Said ya zauna a fiyano. Wanda ya san wannan tarihi zai ga miƙa gado a fili.

5.3 Ayyukan Boulez da na Widmann

Initiale gajeren aiki ne na 'yan mintoci, na masu busa kayan tagulla 7, wanda Boulez ya rubuta a 1987 don buɗe gidan adana zane-zane na Menil a birnin Houston na Amurka. Tun asali kiɗan buɗe ƙofa ne, shi ya sa ya dace da farkon taro. Fantasie kuwa Widmann ya rubuta shi a 1993 yana da shekara 20, na kilarinet ne shi kaɗai, kuma shi ya busa abinsa da kansa.

Aikin rufewa, sur Incises, shi ne mafi nauyi. Asalinsa wani gajeren aikin fiyano ne mai suna Incises da Boulez ya rubuta a 1994 domin wata gasar makaɗa a Milan. Tsakanin 1996 da 1998 ya faɗaɗa shi ya kai kimanin minti 40, ya kuma raba shi ga makaɗa 9: fiyano 3, da garayar Turawa mai tsirkiya 47 guda 3, da masu kayan bugu 3 waɗanda kayansu suka haɗa da marimba da ƙararrawa da gangunan ƙarfe irin na Tirinidad. Dukan waɗannan kaya halinsu ɗaya, ana bugu ko tsinka, sautin ya tashi sa'an nan ya dushe a hankali. Saboda haka aikin yana tafiya tsakanin hali biyu, gudu mai tsanani inda makaɗa suke jefa wa juna sauti, da tsayawa cik ana sauraren amon yana ɓacewa. An sadaukar da shi ga Paul Sacher, attajirin Siwizalan mai tallafa wa mawallafa, a lokacin cikarsa shekara 90, kuma an gina shi a kan sautuka 6 da aka tsamo daga haruffan sunansa. A nan ne zaren ya haɗu da na Berg: ayyuka biyu, tazarar shekara 70 da ɗoriya a tsakaninsu, kowanne yana ɗauke da sunan mutum a cikin sautinsa.

Akwai kuma wata fa'ida a wannan jeri. Yawan makaɗa ya tashi daga 1 zuwa 3, 4, 7, 9 har 15. Da haka aka gwada zauren ta kowace fuska a zama ɗaya.

6.0 Inda Taron Ya Gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma nazari ba ya cika sai an duba ɗaya gefen. Abu na farko da za a iya cewa shi ne, cikin ayyuka 6 biyu kaɗai ne na wanda ake karramawa. Wannan suka ba ta da ƙarfi a wurinmu, domin mun riga mun nuna cewa haɗa shi da magabata shi ne tsarinsa. Taron da aka cika da ayyukan mutum ɗaya yakan tara waɗanda suka riga suka yarda da shi ne kawai. Wanda Mozart ya kawo shi zaure kuwa, zai fita ya ji Boulez.

Suka ta biyu ita ce mai nauyi. Cikin ayyukan da muka lissafa babu wanda aka rubuta bayan 1998. Hawa na uku na tsarin Domaine musical, watau aikin da ba a taɓa ji ba, wanda zai iya faɗuwa a gaban jama'a, bai samu gurbi ba. Boulez ne ya hau kujerar sabo, alhali a wannan rana ya riga ya shiga sahun magabata. Idan muka tuna yadda shi ya tuna da Stravinsky da Maderna, za mu ga cewa karramawar da ta fi kama da halinsa ita ce a sa wani matashi ya ɗauki irin da ya bari ya shuka nasa, ko da kuwa zai yi masa irin abin da ya yi wa Schoenberg.

Abu na uku ya shafi suna da gini. A wata hira da mujallar Der Spiegel a 1967, Boulez ya ce hanyar da ta fi tsafta ta magance ruɓewar gidajen opera ita ce a tarwatsa su. Ga shi kuma an kafa sunansa a ma'ajiyar kayan gidan opera, a 2016 kuma aka sa wa babban zauren Philharmonie na Faris sunansa. Wannan yana nuna haɗarin da ke tattare da kowace karramawa, watau mai tawaye ya zama sunan da ke rubuce a bakin ƙofa, ana wucewa ta ƙarƙashinsa ba a tuna abin da ya yi tawaye a kai.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa taron kiɗan ɗaki na tunawa da mawallafi yana ɗauke da aiki biyu. Na farko shi ne nuna alhini da girmamawa. Na biyu, wanda ya fi daɗewa, shi ne tabbatar da cewa akwai hannayen da za su iya kaɗa abin da ya bari. Ta wannan fuska taron Barlin ya yi nasara, gama an kafa wata ƙungiya ta musamman domin zauren mai suna Boulez Ensemble, wadda ta haɗa ƙwararru da matasa, kuma ita ce ta ɗauki aiki mai wuya irin sur Incises ba tare da mai shi yana tsaye a gabanta ba. Tarurrukan da aka yi a ƙasashe da dama a 2025, shekarar da zai cika 100 da haihuwa, sun ƙara nuna cewa ayyukan sun sami masu riƙe su.

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Abin da tarihin Boulez ya ƙara a kan wannan magana shi ne cewa gadon fasaha ya haɗa da 'yancin yi wa uba gardama. Saboda haka muna ba da shawara ga masu nazarin irin waɗannan tarurruka, ko a wace al'ada suke, su riƙa yin tambayoyi uku: me aka zaɓa daga ayyukan marigayi, da me aka haɗa shi, kuma wane sabon aiki ne ya fito saboda shi. Taron 4 ga Maris 2017 ya amsa biyun farko da kyau. Amsar ta uku tana wuyan waɗanda suke tafiyar da zauren da kuma ɗaliban da ke karatu a cikin ginin.